Koren amai ba tumbuɗi ba ne

A daren kwana na biyu da haihuwar ɗan ƙanwata, a wani ƙauye da ke gefen hanyar Magariya, tsofaffi biyu suka yi gardama a kan tsumma. Jaririn ya dawo da abin da ya sha, tsumman da ke ƙarƙashin haɓarsa ya rine kore shar, kamar ruwan dafaffen zogale. Kakarsa ta wajen uba ta ce tumbuɗi ne, wane jariri ne ba ya yi, a ɗura masa bauri cikin ya wanke. Gwaggonmu, wadda ta fi shekara talatin tana karɓar haihuwa, ta haska tsumman da tocila, ta daɗe tana dubawa.

"Yaya, tumbuɗi fari ne, ruwan nono ne," in ji ta. "Wannan daga maɗaciya ya taso. Tun da aka haife shi ya yi baƙin kashin nan?"

Ɗaki ya yi tsit. Mai jego ta zaci kakar ce ta gyara shi sa'ad da take wanka, kakar kuma ta zaci mai jego ce. Ashe tun da ya faɗo duniya bai yi ba. Gwaggo ta kwance zanen, ta ga ciki ya tashi yana sheƙi, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa a kan fata. Ta ce a taso mai kabu-kabu ko ƙarfe nawa ne.

Yaron yana nan da ransa, bayan aiki uku a Damagaram. Likitan da ya yanka shi ya iya aikinsa, Allah ya saka masa. Amma tun daga lokacin nake ganin cewa rabon yara irinsa yana yankewa ne kafin su ga wuƙar likita, a cikin kwana biyun farko, a hannun matan da ke zagaye da mai jego. Sauran kuma yana yankewa a watannin da ke tsakanin aiki da aiki, lokacin da babu likita kusa.

Littattafan likitanci suna sa lalurorin hanji da ake haihuwar yara da su a layin cututtukan da ba kasafai ake gani ba. Jariri ɗaya cikin kusan 5,000 ake haifa ba tare da ƙofar dubura yadda ya kamata ba. Ɗaya cikin kusan 5,000 yana zuwa da cutar Hirschsprung, mai hana ƙarshen hanji turo kashi waje, wadda ita ce ta ɗan ƙanwata. Toshewar hanji tun daga ciki da murɗewarsa su ma suna nan kusa da wannan ƙidaya. Ga mai karatu a ƙasar da haihuwa ta yi ƙaranci, abu ne da ƙaramin likita zai iya yin shekaru bai gani ba. To amma mu yi lissafin gida. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan 3.5 a jihar Damagaram, ita ce ta fi kowace jiha yawan jama'a a Nijar. A ƙasar da kowane mutum dubu ke samun jarirai fiye da 40 a shekara, ko da wannan tsohuwar ƙidaya aka yi aiki, jariran jihar ba su kasa 140,000 ba duk shekara. Raba da 5,000, ka sami kusan 30 na kowace lalura. Haɗa su wuri ɗaya, ka kusa ɗari, wato kamar yara biyu duk mako daga Tanut zuwa Dungas, daga Gure zuwa Matamaye. Yau kuwa jama'a ta ƙaru ƙwarai. Da yawa cikinsu ba sa kai ranar suna, sai a ce ba mai zama ba ne, a rufe zancen.

Wanda ya taɓa tsayawa wajen mahauta a kasuwar Dole ya ga ana wanke kayan cikin rago ya san hanji ba sake yake ba. Yana maƙale da wani tantani mai kitse, mai faɗi kamar mafici, a cikinsa jijiyoyin jini suke bi su ciyar da hanjin. Yadda wannan tsari ke haɗuwa a cikin mahaifa abin mamaki ne. Wajen mako na 6 da shigar ciki, hanjin ɗan tayi yana tsawo da sauri har cikinsa ya kasa ɗauka, sai ya fita ya zauna a gindin cibiya. Wajen mako na 10 ya koma, tsakanin fitarsa da komawarsa ya juya akasin tafiyar hannun agogo, kashi uku cikin huɗu na kewaye, sannan ya manne da bayan ciki, kowane sashe a mazauninsa. A cikin makwannin nan ne kuma ƙwayoyin jijiya masu sa hanji motsi suke gangarowa daga sama zuwa ƙasa, kuma ƙarshen hanji yake rabuwa da hanyar fitsari ya buɗe tasa ƙofar. Duk wannan yana ƙarewa kafin wata uku, lokacin da mai cikin fari ko uwarta ba ta gaya wa ba don kunya. Na faɗi haka ne saboda abin da ƙanwata ta sha ji: wai ta fita da magariba, wai ta ci abin da aka hana ta, wai bakin mutane ne. Yawancin waɗannan lalurori ba a san abin da ke jawo su ba, kuma babu abincin da mace za ta ci ko ta ƙi ci wanda zai hana su.

Wadda ta fi kowacce gaggawa ita ce ta juyin da bai cika ba. Ka ɗauki igiyar guga ka cusa ta cikin buhu ba tare da ka naɗe ta ba, haka hanjin yake komawa. Maimakon tantanin nan ya manne da faɗi, sai ya rataye a siririn wuya guda, jijiyar jinin da ke ciyar da kusan dukan ƙaramin hanji kuwa a cikin wuyan take. Rana ɗaya, galibi cikin watan farko, hanjin gaba ɗaya ya murɗe a kan wuyan kamar yadda mace ke murɗe zane ta matse ruwa. Jini ya tsaya. Cikin awoyi kaɗan, shida ko kusa da haka, hanji ya fara mutuwa. Tarkon da ke ciki shi ne da farko jaririn ba ya nuna komai: cikinsa a lafe, idonsa garau, yana neman nono. Abu ɗaya kawai ya yi, koren amai. In aka jira har ciki ya kumbura, fata ta yi ja, jini ya fito a kashi, to an makara.

Me ya sa kore? Ruwan maɗaciya yana zuba cikin hanji ne ɗan gaba kaɗan da mafitar tumbi, daga nan ya gangara ƙasa. In ya dawo ta baki, akwai abin da ya tare hanya a ƙasa da wurin. Shi ya sa likitocin fiɗar yara a duk duniya suke kan magana ɗaya: jariri mai koren amai, a ɗauka hanjinsa ya toshe har sai bincike ya nuna ba haka ba. Wani lokaci a tarar ƙwayar cuta ce ta shiga jini, ita ma ba ta zaman gida ba ce. Aman da ya yi ruwan ɗorawa a kwanakin farko yana iya zama dakashi ne ya dawo, amma wanda ya yi launin ganye ba shi da fassara biyu.

Aikin da ake yi wa wannan murɗewa wani likitan Bostan ta Amurka, William Ladd, shi ya tsara shi a 1936, kuma har yau kusan yadda ya bar shi ake yi. A buɗe ciki, a warware murɗin, a yanke zaruruwan da suka danne farkon hanji, a faɗaɗa wuyan nan, a kwantar da ƙaramin hanji a dama, babba a hagu, yawanci a cire apandis tun da ya bar mazauninsa kada ya ruɗa wani likita nan gaba. Babu wata na'ura mai tsada a ciki. In an zo da wuri, hanji ya dawo ja a gaban idon likita, yaro ya tashi kamar kowa. In an zo a makare, likita ya tarar da shi baƙi ƙirin. Ƙaramin hanjin jariri bai wuce mita biyu da rabi ba, in aka yanke mafi yawansa, ragowar ba za ta iya tsotse abincin da zai rayar da shi ba. Tsakanin waɗannan biyun, wani lokaci daren guda ne, daren da aka ce a bari gari ya waye.

Akwai kuma jaririn da hanjinsa ya zo a yanke ko a rufe a wani wuri, kamar tiyon da aka ɗaure. A 1955 wasu likitoci biyu a Afirka ta Kudu, Louw da Barnard, suka ɗaure jijiyar jinin hanjin ƴan kwikwiyo tun suna cikin mahaifa, aka haife su da irin wannan yankewa, suka nuna cewa katsewar jini ce ke narkar da wani yanki na hanjin. Barnard ɗin nan shi ne ya fara dasa wa mutum zuciya a 1967. In toshewar ta kasance a farkon hanji, dab da tumbi, hoton radiyo yana nuna kumfa biyu na iska, ƙasa da su babu komai, ko ɗalibi ya gani zai gane. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu wannan suna da lalurar Dawun, wadda ake haifar yaro da ita mai kawo jinkirin girma da na fahimta, takan kuma zo da matsalar zuciya, don haka sai an duba zuciyarsu. Uwar ma takan ba da alama tun kafin haihuwa: ruwan faya ya yi yawa, tun da ɗan ba ya iya haɗiye shi ya wuce, ciki ya yi girma har a riƙa yi mata barkar tagwaye. Macen da aka ga haka a eko, wato hoton ciki da ake yi wa masu juna biyu, haihuwarta a babban asibiti ya kamata ta kasance, ba a ƙauye ba.

Ɗinke bakin hanji biyu ba shi ne wuya ba. Wuyar tana bayan ɗinki. Na sama ya kumbura ya saki kamar tsohuwar safa, na ƙasa siriri kamar alƙalamin kara domin bai taɓa aiki ba. Kafin su saba da juna abinci ya riƙa wucewa, mako ɗaya, biyu, har uku. Me jaririn zai ci a wannan tsakani? A ƙasashe masu hali ana ba shi cikakken abinci ta jijiya, da mai da sinadaran gina jiki da gishirinsa, dabarar da Stanley Dudrick da abokan aikinsa suka nuna a Amurka a 1968, a kan wata jaririya mai irin wannan lalurar. A yawancin asibitocin yankinmu abin da ke akwai ƙarin ruwa ne mai sukari, shi kuwa yana kashe ƙishirwa ne, ba ya gina jiki. Sai a ga aiki ya yi kyau, ɗinki ya kama, amma yaro yana narkewa kullum. Dabarar da likitoci ke yi ita ce su zura siririyar roba ta hanci ta wuce wurin ɗinkin, a riƙa ɗiga nonon uwa kaɗan-kaɗan tun kwanakin farko. Wannan yana buƙatar uwa ta riƙa tatsa dare da rana kada nonon ya ƙafe, tana zaune a tabarma a barandar asibiti, ba wankan jego, ba kunun kanwa. Ba kasafai ake lissafa wannan cikin magani ba, alhali rabinsa ne.

A 2021 mujallar likitanci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a asibitoci 264 na ƙasashe 74, kan yara 3,849 masu irin waɗannan lalurori na hanyar abinci. A ƙasashe masu arziki kashi 5.6 cikin ɗari suka rasu. A masu matsakaicin hali kashi 20.4. A matalauta, layin da Nijar take, kashi 39.8. Yaran da aka ƙidaya daga matalautan ƙasashe ba su da yawa, kuma waɗanda suka iso asibiti ne kaɗai, don haka gaskiyar ƙauye ta fi wannan muni. Inda tazarar ta fi tsanani shi ne jaririn da ake haifa hanjinsa a waje, ta wata ƴar kafa a gefen cibiya: tara cikin goma suka rasu a matalautan ƙasashe, a masu arziki ko biyu cikin ɗari ba su kai ba. Wannan lalurar ta fi samun ƴaƴan mata masu ƙarancin shekaru, ƴan ƙasa da 20, abin da ya kamata mu riƙe a ƙasar da kusan mata uku cikin huɗu ke aure kafin 18. Mutane in sun ga hanji a waje sukan sallama nan take. Amma sau da yawa sauran jikin yaron lafiya lau yake, sanyi da bushewa da ƙwayoyin cuta ne ke kashe shi. Leda mai tsabta da za a rufe hanjin da ita, a kwantar da shi ta gefen dama, a lulluɓe shi da ɗumi a kama hanya, ta fi auduga jiƙaƙƙiya, ta fi duk wani abin shafawa.

Lalurar dubura kuwa ido kawai take so, shi ya sa makara a kanta ta fi ciwo. A buɗe ƙafafun jariri a duba, ko minti ɗaya ba a yi. Amma kunya da sauri da duhun ɗaki sukan sa a wuce. Wurin yakan yi ɗan lotsawa kamar akwai ƙofa, alhali a rufe yake. Abin da ke ƙara ruɗa mutane shi ne ganin kashi a tsumma. Ga namiji, ƙarshen hanjin yakan buɗe cikin hanyar fitsari, sai fitsari ya fito da baƙi-baƙi. Ga mace, yakan buɗe ta wata ƴar kafa a bakin gabanta, kashi yana fita, kowa ya ɗauka lafiya. Sai an fara ba ta kunu da tuwo, kashi ya yi tauri, yarinya ta riƙa nishi tana kuka, sannan a lura, wani lokaci tana da wata shida ko shekara.

A nan ne wasu ke kiran wanzami ya buɗe da aska. Ina girmama wanzamai, su suka yi mana kaciya, amma wannan gyaran gangar Abzinawa ne. Ƙofar ba fata kawai ba ce, akwai zoben tsoka kewaye da inda ya kamata hanjin ya fito, shi ke sa mutum ya riƙe kashi. Hanjin kuma yana iya kasancewa can sama, nesa da fata. Aska za ta yanka zoben ta rasa hanjin, ko ta huda hanyar fitsari. Ko likita ba ya gaggawar yanke hukunci, yakan jira kamar awa 24 iska ta gangara, sannan a ɗauki hoto a ga inda hanjin ya tsaya. In yana kusa da fata, aiki ɗaya ya isa. In yana sama, sai a fara fitar da hanji ta ciki, daga baya a yi babban aikin da Alberto Peña ɗan Meziko ya bayyana a 1982: a kifa yaro, a tsaga daidai tsakiya, a riƙa taɓa tsoka da ɗan ƙaramin lantarki ana ganin inda take tsukewa, a raba hanji da hanyar fitsari, a dasa shi a tsakiyar zoben. Bayan mako biyu a fara zura ƙarfen faɗaɗawa safe da yamma, ana ƙara girmansa, na tsawon watanni, in ba haka ba ƙofar ta tsuke. Irin waɗannan yara sukan zo da wata matsalar a ƙoda, ko ƙashin baya, ko zuciya, ko maƙogwaro, sai an duba duka. Kuma gaskiya ɗaya da ya kamata a gaya wa iyaye tun farko: ba kowane yaro ne zai riƙe kashi sarai ba ko da aiki ya yi kyau, ya danganta da nisan hanjin da lafiyar jijiyoyin ƙugu. Wasu sai da wankin hanji kowace safiya za su wuni a tsabtace su je makaranta.

Na ɗan ƙanwata ƙofarsa a buɗe take, hanjinsa bai yanke ba, bai murɗe ba. Wannan cuta ta daɗe tana wasa da hankalin likitoci. Harald Hirschsprung, likitan yara a ƙasar Danmak, ya bayyana ta a 1886 bayan ya ga yara biyu da suka rasu da babban hanji ya kumbura ƙwarai. Shekara sittin ana zargin wurin da ya kumbura, har ana yanke shi, ciwo yana dawowa. Ashe mai kumburin shi ne lafiyayye. Mai laifin shi ne siririn yankin da ke ƙasa da shi, wanda a ido ba shi da aibu. Ƙwayoyin jijiyar nan masu gangarowa daga sama ba su ƙarasa can ba, sai wurin ya zauna a tsuke, ba ya saki, ba ya turawa. Kamar kwata ce da ta toshe a bakin zaure: a tsakar gida ruwa ke taruwa, amma ba nan matsalar take ba. Sai a 1948 Orvar Swenson ya yi aikin da ya dace, ya cire yankin da ba shi da jijiya ya jawo lafiyayyen hanji ya haɗa da dubura. Bafaranshe Duhamel da Ba'italiye Soave suka kawo nasu salon daga baya, kuma tun 1998 ana iya yin aikin gaba ɗaya ta dubura ba tare da an tsaga ciki ba. Maza sun fi kamuwa, kusan huɗu ga mace ɗaya, kuma a kusan takwas cikin goma ƙarshen hanjin kaɗai abin ya shafa.

Alamarta ta farko ita ce tambayar Gwaggo. Jaririn da ya cika watanninsa, fiye da tara cikin goma suna yin baƙin kashin farko, mai danƙo kamar kwalta, cikin awa 24, kusan duka kafin awa 48. Wanda ya wuce haka a duba shi. Waɗanda tasu ba ta yi tsanani ba sukan tsallake jarirantaka, su girma da ƙaton ciki da siraran ƙafafu, sai su yi mako ba su zagaya ba. A ce tsutsar ciki, a ce saifa, a yi musu tsaga a ciki, a kai su wurin masu tamowa a ba su abincin leda, ciki ya ƙara tashi. Hoton da ake ɗauka bayan an ɗura ruwa mai bayyana a radiyo ta dubura yana nuna inda siriri ya haɗu da mai faɗi, amma tabbaci sai an gutsuro ƴar tsoka daga cikin dubura an duba da madubin likita an ga babu ƙwayoyin jijiyar. Masu wannan duba kaɗan ne a ƙasar nan, sakamako yakan ɗauki lokaci, likita kuma a tsakiyar aiki yana so ya san daidai inda lafiyayyen hanji ya fara. Inda babu mai gaya masa nan take, da ido da ƙwarewa yake aunawa, ya yanka sama kaɗan don ya tsira.

A daren da ɗan ƙanwata ya yi koren amai, majo, wato babban ma'aikacin jinya na ƙaramin asibitin da aka fara kai shi, ya yi abubuwa huɗu da na riƙe. Ya zura masa roba ta hanci har tumbi ya bar ta a buɗe, koren ruwa ya riƙa fita maimakon ya sarƙe shi a hanya. Ya sa masa ƙarin ruwa. Ya ce kada a ba shi komai ta baki, ko rubutu, ko zamzam, sai dai a shafa masa. Ya sa uwar ta manna shi a ƙirjinta fata da fata a ɗaure da zane, domin lokacin ɗari ne, jariri kuwa sanyi kaɗai ya isa ya kashe shi. Sannan ya buga waya Damagaram ya ce ga su nan zuwa. Duk kayan da ya yi aiki da su ba su kai kuɗin ragon suna ba, kusa ma ba su yi ba. A ganina a nan ya kamata ƙarfi ya tafi. Ba kowane asibitin gunduma ne zai iya fiɗar jariri mai kilo biyu da rabi ba, domin sa irinsa barci da tashe shi sana'a ce ta daban, gara a tara aikin a inda ake yinsa kullum, babban asibitin ƙasa na Damagaram ko na Yamai, wadda ke kusan kilomita 900 daga nan. Amma kowane majo da kowace ungozoma suna iya sa yaro ya isa can da ɗumi, da ruwa a jijiya, da tumbi a sace. Akwai kuma wani giɓi da ba a cika lura da shi ba: matar da ta haihu lafiya a asibiti takan koma gida tun kafin kwana ya zagayo, alamun kuwa sai a kwana na biyu ko na uku suke fitowa. In ba a sallame ta da maganar kashin farko da koren amai a kunnenta ba, da kunnen tsohuwar da ta rako ta, haihuwar asibitin ba ta tsare yaron daga wannan ba.

Washegarin daren nan, a Damagaram, aka fitar wa ɗan ƙanwata da hanji ta gefen ciki na hagu. Likita ya kira shi kolostomi, ƙanwata ta kira shi "ƙofar". Wata goma sha ɗaya ta yi da ita, kuma a watannin nan ne na gane inda ake asarar yaran da wuƙa ta riga ta ceta. Jakar roba da ake mannawa a wurin tsada gare ta, ba a kuma samunta a ƙauye. Tsofaffin zannuwa ta yayyaga, tana naɗa masa kamar ɗamara, tana wankewa sau shida, sau bakwai a yini, a garin da ruwa sai an ja daga rijiya mai gaba ashirin. Fatar wurin ta saɓule ta yi ja, sai da wata ma'aikaciya ta nuna mata ta riƙa wankewa da ruwa zalla, ta bari ya sha iska, ta shafe kewayen da man kaɗe mai kauri kafin ta ɗaura. Ranar da hanjin ya fara zazzagowa waje tsawon yatsa saboda kuka, ta kira ni tana salati ta ce ya mutu. Bai mutu ba, abu ne da ke faruwa, in dai launinsa ja ne yana kuma fitar da kashi. Ta daina zuwa biki da suna, domin ta ga yadda mata ke janye tabarma. Kullum tana tambaya ko sallarta ta yi, da shi goye a bayanta.

Ranar komawa aiki na biyu ta faɗo tsakiyar damina. Mijinta ya ce, "Ki bari mu yi maimai, ai yana ci yana sha." Ba mugunta ba ce. Tun 2006 gwamnati ta ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, amma kowa ya san biyan asibitoci kuɗin yakan yi jinkiri, kuma ko an yafe komai, ba a yafe kuɗin mota ba, da abincin mai jinya na mako uku, da gonar da aka bari. Yaro mai ƙofa a ciki kuwa yana ci yana girma, sai gaggawar ta fita daga zukatan mutane. Akwai waɗanda ke kai shekara bakwai, takwas a haka, ba allo, ba lakwal, wasu kuma zawo ɗaya ya tafi da su, tun da ruwa ya fi saurin ƙarewa a jikinsu. Shi ya sa likitocin Afirka suke muhawara: a yi aiki uku mai aminci wanda iyali da yawa ba za su ƙarasa ba, ko a yi ɗaya tun farko mai ɗan haɗari? Ni ba likita ba ne, amma na fahimci masu cewa in yaro ya zo da wuri, da ƙarfinsa, hanji bai kumbura ƙwarai ba, a gama masa a tashi ɗaya. Sai dai wanda aka kawo a kwana na biyar, ciki kamar ganga, jini ya gurɓace, ba shi da wannan zaɓi, ƙofar ciki ce kaɗai za ta tsayar da ransa. Makarar kwana uku a farko ita ke haifar da wahalar shekara guda. Littafi guda mai lambar wayar kowane uban yaro mai kolostomi, da mutum ɗaya da aikinsa ke nan ya riƙa kira, zai dawo da yara da yawa.

Mun kai shi bayan an yi girbi. Aka jawo hanjin, bayan wata uku aka rufe ƙofar. Har yanzu wani lokaci yakan ɓata wando, kuma an gargaɗi uwar cewa ko bayan aiki, in ta ga zazzaɓi da kumburin ciki da zawo mai wari ƙwarai, kada ta tsaya jiƙa magani, kumburin hanji ne irin na masu wannan cuta, yana kisa cikin kwana ɗaya. Sau ɗaya ya yi, ta kawo shi a daren. An kuma gaya mata cutar takan bi gida jefi-jefi, a sa ido a kan ƙannensa.

Bara ta sake haihuwa, namiji. Gwaggo ba ta da rai. Kakar nan ta wajen uba, mai bauri, ita ta kwana zaune a bakin gado da tocila, duk motsin da jaririn ya yi sai ta ɗaga zane ta leƙa. Gab da kiran assalatu ta fito tsakar gida da tsumma a hannu, baƙi ƙirin, tana buga ƙofar ɗanta: "Tashi ka gani, ya yi."